Sannun Sama'ilu Mai Rarrafe

A Rijiyar Gawo, wani ƙauye da ke tsakanin Bagwai da Shanono, in ka tambayi gidan Sama'ilu za a ce maka wanne, domin Sama'ilu uku ne a garin. Amma in ka ce Mai Rarrafe, tun kafin ka rufe baki an nuna maka zauren da ke daura da bishiyar darbejiya. Sunan nan da zagi aka fara shi. Yau kuwa mutanen garin har tinƙaho suke yi da shi a kasuwar Shanono, kai ka ce su suka koya masa. Halin mutanenmu ke nan, kuma ba a fasa son su don haka.

Ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsu ya bar 'ya'ya maza biyu, Allah kuma ya raba musu gado tun uban yana da rai: Iliyasu, babban, ya ɗauki kai, Sama'ilu ya ɗauki ƙirji. Iliyasu ya sauke, ya shiga littattafai, har ya zama limamin masallacin garin. Sama'ilu kuwa da ƙyar aka lallaɓa shi ya kai izu goma, ya ajiye allo ya ɗauki garma. Da damina yana gona, in an kai amfani gida sai ya nufi kasuwar hatsi ta Dawanau ya yi dako. Shekara ashirin da biyu yana wannan. Buhun wake mai kilo ɗari zai saɓa a kafaɗa, ya hau katakon da aka jingina da tirela yana tauna goro, yana yi wa na bayansa tsiya. 'Yan dako suna da kalma ɗaya da suke yi wa kowane ciwo magani da ita, ita ce "daure". Sama'ilu ya fi kowa iya faɗinta.

A kakar shekarar 2011 aka yi wani ruwa na ƙarshe da ba wanda ya zata, katako ya jiƙe. Yana tsakiyar hawa ƙafarsa ta zame. Mai hankali da sakin buhun zai yi, wake ai ba ƙwai ba ne. Shi kuwa sai ya murɗa ƙugu ya tare shi, don kada a ce buhu ya kayar da Sama'ilu. Ya ji wani abu ya ce ƙas a gadon bayansa. Ya kai buhun inda za a kai shi, ya ƙara ɗaukar wasu uku don kauda zargi. Washegari mutum huɗu ne suka ɗauke shi suka sa a mota.

An yi abin da ake yi. A asibiti a Kano aka ɗauki hoton bayan, likita ya ce abin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya goce yana danne jijiya, ya ba da ƙwayoyi, ya ce a huta, sannan a riƙa motsa jiki kaɗan-kaɗan. Maɗori ya lalube shi ya ce ba karaya, ba aikinsa ba ne. Wanzami ya yi ƙaho. Yayansa Liman ya yi rubutu ya aiko a ƙwarya. Laifin ba na likita ba ne, don ya faɗi gaskiya. Sai dai "kaɗan-kaɗan" ba ta cikin Hausar da Sama'ilu ya iya. Duk ranar da ya ɗan ji sauƙi sai ya cije leɓe, ya dafa bango, ya yunƙura da ƙarfin tsiya, ciwon ya sake nannaɗe shi ya mayar kan tabarma na wani mako biyu.

Ba rashin zuwa kasuwa ne ya fi cin ransa ba. Salla ce. A kwance yake yin ta, da nuni, yana ɗan sunkuyar da kai a madadin ruku'u da sujada. Ya san ta halatta, Liman ya faɗa masa ya fi sau goma. Amma mutumin da tun yana ɗan shekara bakwai goshinsa ke taɓa ƙasa sau biyar a rana, yanzu wata bakwai bai taɓa ba. Ya sha yin kuka a kan wannan in ba kowa a zauren.

Masu dubiya kuwa ba sa yankewa. Kowa ya shigo, "Sannu, Sama'ilu." Shi kuma, "Yauwa." Sannu, yauwa, sannu, yauwa, har bakinsa ya riƙa amsawa ba tare da ya shawarci kansa ba.

Da damina ta kama, kowa na gidan yana da abin yi ban da shi. Matarsa Ramlatu, wadda ba ta da wasa da zaman banza, ta kinkimo autarsu Humaira, 'yar wata biyar, ta shimfiɗe ta kusa da shi.

"Malam, ga raino," in ji ta. "Ku biyu ne marasa aiki a gidan nan, sai ku ɗebe wa juna kewa."

Ya ji zafin maganar, amma ba shi da ƙafar da zai bi ta. Sai ya zuba wa yarinyar ido. Mako guda cur Humaira ta ɗauka tana koyon juyawa daga rigingine zuwa rub da ciki. Ya lura idonta ne ke fara tafiya, sai kai ya bi, sai kafaɗa, sai gwiwa ta tsallaka, sauran jikin ya biyo ba gardama. In abin ya ƙi, ba ta cije leɓe, ba ta ma da haƙorin cijewa. Sai ta fasa, ta kama babban yatsan ƙafarta ta tsotsa, can ta sake gwadawa ta wata hanyar.

Ana cikin haka rannan ƙanwar mahaifinsa, Goggo Hafsatu, ta zo dubiya. Ganin babba ta shigo, Sama'ilu ya yunƙura zai tashi zaune, ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuyansa duk suka fito.

"Sannu, Sama'ilu, sannu," in ji tsohuwar.

"Yauwa, Goggo."

"Yauwar me? Gaishe ka na yi? Cewa na yi ka yi sannu! Ji mini yaro, ko Hausar ma ta goce tare da bayan?"

Ya tsaya a karkace, bakinsa a buɗe. Wata bakwai garin nan kaf suna shigowa suna faɗa masa maganin ciwonsa, shi kuma yana amsa musu da yauwa. Dariya ta kama shi, bayan ya amsa, ya koma ya kwanta yana dariya yana wash. Goggo ta fita tana cewa a nemi masu ruƙiyya.

Daga ranar ya zama ɗalibin jaririya. Abin da ta yi da safe, shi zai gwada da hantsi, amma sannu, sannu ƙwarai, har wanda ke kallo ba zai ce yana motsi ba. Ido tukuna, sai kai, sai kafaɗa. Da ya ji ciwo ya leƙo sai ya tsaya tun kafin ya shigo, ya koma baya, ya rage, ya nemi wata hanya. A nan ya gano abubuwan da shekara arba'in da uku bai sani ba game da jikin da yake yawo da shi. Ashe duk lokacin da zai yi abu mai wuya riƙe numfashi yake yi. Ashe kafaɗarsa ta dama, wadda ke ɗaukar buhu, ba ta taɓa sauka ta taɓa tabarma ba ko yana barci. Ashe ƙugu yana da hanyoyin juyawa da yawa, shi ɗaya kawai ya sani. Da Humaira ta zauna, ya zauna. Da ta fara rarrafe, shi ma ya durƙusa ya bi ta, suna zagaya tsakar gida daga rumbu zuwa madafi.

Katangar gidan ta kara ce, kara kuwa ba ya rufa asiri. Kafin Juma'a gari ya ɗauka cewa Sama'ilu ya taɓu. Maganar ta kai kunnen Liman Iliyasu, mutumin da ko tafiya yake yi ba ya waiwaye don kada rawani ya karkace. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce:

"In magani ne a sha. In addu'a ce a yi. Amma ƙato da gemu, ɗan gidan malamai, yana birgima a ƙasa kamar jaki, wannan ba jinya ba ce, zubar da mutuncin gida ne."

A ranar aka raɗa masa Mai Rarrafe. Maganar ta soke shi, don duk duniya ba wanda yake jin kunya kamar yayan nan nasa. Ya dai sa Ramlatu ta ƙara zana a jikin katangar, ya ci gaba da abinsa. Humaira ta riga shi tafiya da wata biyu. Wata na goma sha shida da jin ciwonsa, da azahar, a ɗakinsa, ya sauke gwiwoyinsa a hankali, ya saki numfashi, goshinsa ya taɓa ƙasa. Ramlatu ta ce ya daɗe a wurin har ta ajiye tankaɗe ta leƙo ta ga ko lafiya.

Bai koma Dawanau da dako ba, gona ya riƙe. A gonar ne kuma aka fara lura. Ga mutumin da aka ɗauko ranga-ranga yana noman gero tun safe, in rana ta take ya miƙe sumul, ga masu lafiya suna dafe da ƙugu suna nishi. Tahir tela ne ya fara zuwa, a ɓoye, ta bayan gida, da wuyan da ya sanƙare a kan keken ɗinki. Ya zaci za a ba shi saiwa ko man shafawa. Sama'ilu ya kwantar da shi a tabarma ya ce ya juya kansa dama, rabin abin da zai iya. Sannan rabin wannan rabin.

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"To sake. Ina numfashinka yake?"

Tahir ya fita yana cewa an ɓata masa hantsi. Bayan kwana tara ya dawo ta ƙofar gaba da ƙaninsa mai facin taya.

Haka abin ya yaɗu, ba allo ba shela. Manoma, direbobi, masu tura baro, har tsofaffin abokan dakonsa na Dawanau da suka fi kowa yi masa dariya. Mata kuwa Ramlatu ya koya wa, ita take koya musu a cikin gida, masu daka da masu ɗaukar ruwa da masu jego. Bai taɓa ce wa kowa yana da magani ba. Cewa yake mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, nasa kawai ya riƙe wa mutum fitila. In ya ga kumburi, ko ƙafa ta mutu ba ta jin taɓi, ko zazzaɓi tare da ciwon, sai ya ce a tashi a tafi asibiti yanzu, wannan ba na tabarma ba ne. Wasu sun ji sauƙi, wasu ba su ji ba, kuma bai ɓoye wannan ba. Wata 'yar garin da ta karanta aikin jinya ta taɓa ce masa Turawa ma suna da irin wannan, har da suna da makarantu.

"To," in ji shi, "ashe su ma suna da jarirai."

Liman bai taɓa taka zauren ba. Suna gaisawa, suna zaman makoki tare, suna raba taki, amma maganar nan ta ƙofar masallaci tana nan tsakaninsu ba wanda ya ɗaga ta.

Sai shekaru suka yi nasu aikin. Gwiwoyin Liman da ƙugunsa suka fara ƙi. Ya ɓoye, ya daure, har ranar da ya yi sujada a sallar azahar ya kasa tashi, sai da mutum biyu suka kama shi. Aka je asibiti, aka ce ba abin tiyata ba ne, tsufa ne da sanƙarewa. Aka kawo masa farar kujerar roba. Shi da kansa ya yanke wa kansa hukunci, don shi ya fi kowa sanin abin da littafi ya ce: mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa. Ya miƙa wa na'ibinsa Basiru limanci, ya koma ƙarshen sahu da kujerarsa. Shekara ashirin da shida yana gaba. Wata bakwai a kan kujerar nan suka ramar da shi fiye da yadda azumi yake yi.

Sama'ilu yana gani, kuma shi kaɗai a masallacin ya san ainihin abin da ke cin mutumin, don ya ɗanɗana. Amma ta ina zai fara? Ƙane ba ya tashi ya ce zai koya wa wansa, balle wan malami ne, balle kuma abin da za a koya shi ne abin da ya kira birgimar jaki. Liman kuwa ya gwammace ya mutu a kujera da ya aika a kira shi. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, sai dai ba a faɗa wa mai rawanin.

Ran nan da hantsi Sama'ilu ya je zauren Liman, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa inda ɗalibai ke zama.

"Yaya, tambaya na kawo. Na ga tsufa ya zo, karatun kuma ban yi ba. Mece ce natsuwa a cikin salla?"

Liman ya gyara zama. Ba abin da ke faranta masa rai kamar tambaya. "Farilla ce. Gaɓoɓinka su zauna, kowace ta koma mazauninta, a ruku'u da sujada da ɗagowa, kafin ka wuce gaba."

"To yaya mutum zai san gaɓarsa ta zauna?"

"Ai zai ji."

"In kuma bai taɓa saurarenta ba fa? A gwada mini mana, Yaya. Ni kaina ba ya ɗaukar karatu sai na gani."

Liman ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ba wawa ba ne.

"Sama'ilu, birgima ka zo ka sa ni."

"Ni tambaya na kawo."

Can tsohon ya ce, ba tare da ya kalle shi ba, "Tashi ka tura ƙofar nan. In wani ya ji, ban yafe ba."

Wata uku suka yi, kullum da hantsi, ƙofa a rufe. Liman ya fi duk wanda Sama'ilu ya taɓa koya wa taurin kai. Da an ce ya lanƙwasa gwiwa kaɗan sai ya kai ta ƙarshe yana cewa zai daure.

"Yaya, daurewar ce ta kawo mu nan, ni da kai. Rage."

Sannu a hankali abin ya fito fili. Shekara da shekaru Liman yana sauka sujada da baya a miƙe ƙyam, wuya a sanƙare saboda rawani da idon jama'a, numfashi a riƙe, nauyin duka a kan gwiwar dama. Sai da aka cire rawanin aka rataye. Aka koma juyawa a tabarma, aka koma zama, aka zo kan rarrafe. Ranar da aka fara rarrafen ne Maimunatu, matar Liman, ta turo ƙofa da kwanon fura, ta tarar da limamin gari a kan gwiwa da hannu yana nufar bango. Ta ajiye kwanon, ta ce, "Sannunku da karatu," ta ja ƙofar. Har yau ba wanda ya ji daga bakinta, kuma wannan ma abin a yaba ne.

A ɗaki ya fara samun sujada, ɗaya, sannan biyu, sannan salla cikakkiya. Amma ɗaki daban, gaban mutane daban, kuma su biyun sun san haka.

Wata Talata da la'asar, lokacin ana yankan gero, masallaci cike da mutane masu ƙaiƙayi a wuya, Liman ya shigo ba kujera. Da aka ta da iƙama ya ratsa sahu ya wuce gaba. Basiru ya ja da baya ba tare da an ce masa komai ba. Sama'ilu ya tsaya a sahun farko, daidai bayansa.

Raka'a ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. A sujadar ƙarshe ta raka'a ta uku, sai kabbarar tashi ta ƙi zuwa. Masallaci ya yi tsit, goshin kowa a ƙasa, kowa yana tuna waccan azahar. Sama'ilu ya kasa kunne. Bai ji numfashin yayansa ba. Tsohon ya tuna akwai ido a bayansa, ya koma halinsa na da, ya riƙe numfashi yana shirin yunƙurawa da ƙarfi. Ga shi ba a magana a salla. Sai Sama'ilu ya ja iska, ya sake ta ta hanci, doguwa, a hankali, yadda na gabansa zai ji.

Aka ɗan jima. Sai ya ji wani numfashin ya amsa daga gaba. Sai motsin tafin hannu a kan tabarma, sai ƙafa ta gyara.

"Allahu akbar."

Muryar ta fito daga sama, daga bakin mutumin da ke tsaye. Wani tsoho a sahu na biyu ya kasa riƙe kukansa.

Da aka sallame, Liman ya juyo ya fuskanci jama'a. Akwai 'yan ƙwayoyin yashi manne a goshinsa, bai share ba.

"Kada kowa ya tashi," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a ƙofar masallacin nan, na kira abin da ƙanena yake yi birgimar jaki. Wasunku suna wurin, kun yi dariya. To ku sani, wata uku ke nan ina wannan birgima a zaurena, ita ce Allah ya sa ta dawo da ni nan. A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane nake janyewa. Malam Sama'ilu, ka yafe mini."

Ba a taɓa haɗa sunansa da Malam a bakin yayansa ba. Sama'ilu ya sunkuyar da kai.

"Shi kuma numfashin nan naka na cikin salla," Liman ya ƙara, "za mu duba hukuncinsa a littafi."

Masallaci ya ɗauki dariya, wasu suna yi suna share ido. Sama'ilu ya nemi abin da zai ce, duk Hausar duniya ta gudu ta bar shi da kalma ɗaya.

"Sannu, Yaya."

"Yauwa," in ji Liman. "Wannan karon duka biyun na ji, gaisuwar da maganin."